Ɗaki cikin kwana 30, da abin da ke jira a wata na 13

Yawancin masu kwana a kangaye, a barandar shaguna da bayan masallatai a Abuja ba zaman kashe wando suke yi ba. Da asuba za ka ga sun watse: wannan ya tafi lodi a kasuwar Dei-Dei, wancan lebura ne a wurin gini, waccan tana wanke-wanke a gidan abinci a Utako, wata tana suyar awara a bakin titi. Kuɗi na shigo musu, kaɗan-kaɗan, kullum. Abin da ya gagare su shi ne dunƙulallen kuɗin da ake nema a ƙofar gidan haya: hayar shekara guda cur, wani mai gidan ma ya ce biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Wanda zai iya fitar da naira dubu a kullum ba zai iya fitar da dubu ɗari huɗu a yini ɗaya ba. A nan mutane ke maƙalewa bayan rusau, gobara, ambaliya, mutuwar miji ko saki.

Akwai tsarin da aka gina don irin wannan hali, na mayar da mutum cikin gidan haya da gaggawa maimakon a ajiye shi a sansani ko gidan kwana na wucin gadi. A Amurka ya bunƙasa. A 2009 gwamnatin Obama ta ware masa dala biliyan 1.5 tare da shirin hana mutane rasa matsuguni, kuma daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ma'aikatar gidaje ta ƙasar, HUD, ta bi. Ayyuka uku ne a cikinsa: a nemo ɗaki, a biya kuɗin shiga da haya na ɗan lokaci, sannan a sa ma'aikaci ya riƙa bibiyar iyalin har su tsaya da ƙafarsu. Ba a gindaya sharaɗin sai mutum ya sami aiki ko ya bar shaye-shaye kafin a ba shi makulli. Ma'aunin da ƙungiyar National Alliance to End Homelessness ta sa shi ne a shigar da mutum gida cikin kwana 30, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka taimaka su fita daga shirin suna da tsayayyen gida, kuma kashi 85 daga cikinsu kada su koma titi cikin shekara guda.

A ganina tsarin ya fi dacewa da Abuja fiye da yadda mutane ke zato, tunda matsalarmu a bakin ƙofa take. Amma in aka kwafo shi yadda yake, za a sha mamaki. A can haya wata-wata ake biya, don haka shirin zai biya duka a watan farko, ya rage zuwa rabi, ya rage zuwa kwata, yana kallon yadda iyalin ke ɗaukar nauyin. Tallafin kan kai wata 24 in ya yi tsawo. Mu a nan ana biya sau ɗaya, sai komai ya yi tsit na wata goma sha biyu, kowa ya ɗauka an yi nasara, an ɗauki hoto an rubuta rahoto. Sai wata na 13 ya zo da hayar shekara gaba ɗaya, galibi da ƙari a kai. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudiri gaban majalisar dattawa don a rage kuɗin da ake karɓa gaba ɗaya a birnin tarayya a koma biyan wata-wata, amma je ka Kubwa ko Lugbe yau ka tambayi ɗaki, shekara za a ce maka. Saboda haka duk wanda zai yi wannan aiki a nan, daga ranar sabunta haya zai fara lissafi, ya dawo baya.

Kafin a kai ga ɗaki, a zauna da mutum a ji labarinsa, domin ba kowa ne ke buƙatar hayar shekara ba. Tambayoyin kaɗan ne: a ina ka kwana jiya, me ya fitar da kai daga inda kake, nawa ke shigo maka a mako, a ina kake samun kuɗin, mutum nawa ne a wuyanka, kuma akwai inda za ka iya komawa cikin aminci? Wanda har yanzu yana cikin gidansa amma ana bin sa bashin wata huɗu, a biya bashin a sasanta da mai gida. Ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma babu la'adar dillali. Matar da ke son komawa wurin iyayenta a Zariya ko Kontagora kuɗin mota da na ɗaukar kaya take buƙata, muddin ita ta zaɓa ba tura ta aka yi ba. Wadda miji ya kora da dare kuma tana da haƙƙi a shari'a, domin dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda ke aiki a birnin tarayya, ta mayar da korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi. A fara da taimako mafi ƙanƙanta da zai warware matsalar, in bai isa ba a ƙara. Kuɗin hayar shekara a ajiye shi ga waɗanda babu wata hanya sai ita.

Kuskuren da ya fi yawa wajen neman ɗaki shi ne bin arha. Ana samun ɗaki mai sauƙi a Masaka, a Kwali, a bayan Gwagwalada, sai a kwashi iyali daga Durumi a kai su can. To amma abincinsu yana Area 1 ne. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota na iya cinye duk abin da aka rage a haya, balle a haɗa da cunkoson Nyanya da Mararaba safe da yamma. Mai suyar ƙosai kuwa jarinta ba kasko da mai kaɗai ba ne, har da masu sayen da suka saba da ita; in ka ɗauke ta daga unguwar ka karya sana'ar. Abin da ke biyo baya sananne ne: bayan wata biyu magidancin ya koma kwana a kangon da ke kusa da aikinsa, ko iyalin su ba wani hayar ɗakin a ɓoye su karɓi kuɗin. Sai a ce sun ci amana, alhali lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. A haɗa hayar wata da kuɗin motar wata a wuri ɗaya, wannan jimillar ita ce ainihin tsadar ɗakin. Sau da yawa ɗaki mai ɗan tsada a Karmo, Gwagwa ko Mpape ya fi mai arha a nesa sauƙi.

Sai dai waɗannan unguwanni na kusa suna da nasu haɗarin. Ƙasar birnin tarayya gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya take, kuma gidaje da yawa a ƙauyukan da birni ya cimma an gina su ne a filin da aka saya a hannun mai unguwa, ba tare da takardar da hukuma ta yarda da ita ba. Mutanen Abuja ba su manta rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ba, kuma har yau ba a daina ba. Biyan hayar shekara a gidan da za a rushe bayan wata uku asara ce biyu. Ba za a iya cewa sai gida mai cikakkiyar takarda ba, don talaka ba zai sami ɗaki ba ke nan, amma a tambayi maƙwabta ko an taɓa kawo notis, a duba ko gidan yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, a gefen rafi ko a kan hanyar da aka shata.

Duba ɗakin kansa aikin rabin awa ne, kuma da rana ake yin sa. A zagaya bayan gida tukuna a kalli bango: jan fenti da aka yi gicciye da shi alamar masu rusau ce, kuma wani mai gidan yakan shafe ta da farar ƙasa, sai ka ga wuri ɗaya ya fi sauran haske. A ciki a durƙusa a dubi ƙasan bango. In akwai layi mai duhu da ya zagaye ɗakin a tsayi ɗaya, kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ruwa ya taɓa kwana a nan, ko me mai kula da gidan zai ce. A ɗaga kai a dubi silin, tabo mai launin ruwan ƙasa alamar yoyo ce. A rufe ƙofa daga ciki a gwada sakata, musamman in mace ce za ta zauna ita da yara. A ƙirga ɗakunan gidan a ƙirga banɗaki. Ɗaki goma sha biyu kan masai ɗaya rigima ce kullum da safe. A tambayi wata 'yar haya, ba dillali ba, inda suke samun ruwa da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a watan Maris. Sannan mita: a karɓi lambarta a sayi wutar ƙaramin kuɗi a gani. In akwai tsohon bashi a kanta, za a ga an zaftare wani abu daga abin da aka saya, kuma in ba a rubuta wanda zai biya ba, sabon ɗan haya ne zai yi ta biyan wutar da wani ya sha.

Kada a je da motar ƙungiya mai tambari. Mai gida na hango ta farashi ya tashi.

Masu gidaje suna gudun irin waɗannan 'yan haya, kuma suna da dalili: suna tsoron ba za a sabunta ba, suna tsoron cika gida da mutane, wasu kuma kai tsaye za su ce ba sa ba mace mara aure ko gwauro. Roƙo da wa'azi ba sa canza musu ra'ayi. Abin da ke aiki shi ne a ba su abin da ɗan haya na yau da kullum ba ya ba su. Maganar takan tafi kamar haka: "Alhaji, kuɗin shekara yau zai shiga asusunka. Ga lambar wayata, in an yi maka ba daidai ba ni za ka kira, kuma zan zo kafin kwana biyu. In an ɓata wani abu, mun ajiye kuɗin gyara. Abin da muke roƙo, in shekara ta zagayo ka karɓi naka kashi biyu, wata shida-shida." Wannan roƙo na ƙarshe shi ne mafi daraja a duk cinikin, kuma ranar da kuɗi ke hannunka ce kaɗai ranar da za a saurare shi. In ya amince, a rubuta. Mai gida ɗaya da ya ji daɗin mu'amala yakan kawo wasu uku, kuma daga nan an huta da la'adar dillali.

Kuɗi a tura shi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, bayan an gan shi ido da ido ko an tabbatar da wakilcin mai kula da gidan. Damfarar dillalan bogi, inda ake karɓar hayar ɗaki ɗaya a hannun mutum uku, ba sabon abu ba ne a garin nan. Rasit da yarjejeniya kuwa da sunan ɗan hayar za a rubuta su, ba da sunan ƙungiya ko masallaci ba. In sunan ƙungiya ne, mutumin ya zama baƙo a ɗakinsa, kuma ranar da shirin ya ƙare ba shi da madafa. A rubuta adadin mutanen da za su zauna da gaskiya. Ɓoye yara biyu don a samu ɗaki yana ba mai gida hujjar tayar da rigima daga baya.

Akwai sakin layi ɗaya a yarjejeniya da ya kamata a karanta sau biyu. A dokar karɓar gidan haya da ke aiki a birnin tarayya, mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, bayan haka kuma a ba shi notis na kwana bakwai kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire kwano ko ƙofa, ko watsa kaya waje da kansa. Amma wata shidan nan yana aiki ne in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Lauyoyin masu gida sukan rubuta cewa hayar ta ƙayyadadden wa'adi ce, shekara ɗaya tak, ko su rage notis zuwa wata ɗaya. In wa'adi ne ƙayyadadde, ranar da ya cika notis na kwana bakwai kawai ya rage. A kuma tuna Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja, dokokinsu da kotunansu dabam.

Yanzu lissafi. A ɗauka, don misali kawai, hayar ɗaki naira 300,000 ce a shekara. Dillali kashi 10, lauya kashi 10, kuɗin ajiya a ce 30,000: an kai 390,000. Iyalin da suka fito daga rusau ko gobara ba su da komai, don haka a ƙara katifa ko tabarmi, tukunya, murhu, bokiti, gidan sauro, kuɗin motar kaya da abincin makonnin farko, a ce 100,000. Kusan rabin miliyan ke nan kafin a kwana. Ɗakin da babu tukunya a ciki ba ya riƙe mutum, shi ya sa rage wannan kason don a ƙara yawan iyalai a rahoto ba dabara ba ce. To shekara ta biyu fa? A ɗauka za a yi ƙarin kashi 20, haya ta zama 360,000. Watanni biyun farko ba a iya tara komai, ana gyara zama. Saura wata goma: 36,000 a wata, wato 1,200 a kullum. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ke nan mai irin wannan samu zai ba da fiye da rabin abin da yake samu. Ma'aunin da aka saba amfani da shi, na kada haya ta wuce kashi 30 na samu, zai ba shi 21,000 a wata, ko 252,000 a shekara. Wannan lissafi a yi shi tare da iyalin, da biro da takarda, kafin a biya ko sisi. In lambobin ba su haɗu ba, ko dai a nemi ɗaki mai sauƙi, ko a san tun yanzu cewa shirin zai ɗauki wani kaso na shekara ta biyu, a ware kuɗin a ajiye.

Tarin kuwa ya bi yadda kuɗi ke shigo wa mutum. Mai samun kullum ya ajiye kullum, mai albashi ranar albashi. Kuɗin ya zauna inda hannu ba ya kai masa da sauƙi: asusun banki na dabam da sunansa, wanda ke buƙatar lambar NIN, don haka samo ta na cikin ayyukan makon farko. Adashi ma yana yi, in an tsara kwasarsa ta faɗo wata ɗaya kafin haya ta cika, kuma uwar adashin amintacciya ce. Abin da ya fi sa mutane dagewa shi ne alkawarin ninki: duk abin da ka tara, shirin zai ɗora kwatankwacinsa har zuwa rabin hayar. Shekara ta uku kai kaɗai. A faɗi wannan a fili tun ranar farko, a maimaita, don kada a yi zaton kyauta ce ta har abada.

Ma'aikacin bibiya ya leƙa a makon farko, sannan sau biyu a wata har wata uku, daga nan sau ɗaya. Ba sintiri zai je yi ba. Zai duba an sa yara a firamare mafi kusa, an san asibitin unguwa, sana'a na tafiya, littafin tari na motsi, kuma zai gaisa da mai gida kafin ya tafi, don ƙorafin da aka ji da wuri ba ya zama notis. Abubuwan da ke rusa tari sanannu ne: ciwo, haihuwa, rasuwa a gida, mijin da ya ɓace ya dawo da ya ji an sami ɗaki, da 'yan uwa daga ƙauye da suka ji labari. Ba za ka ce wa Bahaushe ya kori ɗan'uwansa ba, amma za ka iya taimaka masa ya sa wa baƙuncin wa'adi. In ma'aikaci ɗaya yana bibiyar gida fiye da 25, ziyarar takan koma kiran waya, kiran wayar kuma ya koma shiru. A wata na tara a zauna a buɗe littafi. In an ga ba za a kai ba, akwai sauran wata uku na neman ƙaramin ɗaki ko tattaunawa da mai gida.

Marasa iyali lamarinsu dabam ne. Da yawa daga samarin da ke kwana a tasha ko wurin gini 'yan cirani ne, da gangan suke ƙin biyan haya don su aika kuɗi gida, kuma damina na faɗuwa za su tafi. Ba su ɗaki na shekara ɓarnar kuɗi ce. Ga masu zama dindindin, ɗaki ɗaya na mutum biyu ko uku ya fi dacewa da aljihunsu, da sharaɗin su za su zaɓi junansu, sunan kowa ya shiga yarjejeniya, a kuma rubuta abin da zai faru in ɗaya ya tafi. Yaro ƙasa da shekara 18 ba a kama masa haya. Nasa aikin neman dangi ne da kulawar hukuma. Mai taɓin hankali mai tsanani ko wanda ƙwaya ta ci ƙarfinsa, da tsoho mara kowa, suna buƙatar gida su ma, amma tallafin shekara ɗaya ba zai riƙe su ba. Nasu tsarin shi ne wanda masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis ya fara a birnin New York a 1992, Finland kuma ta mayar da shi manufar ƙasa daga 2008: gida na dindindin da kulawar da ba ta da ranar ƙarewa. Haka 'yan gudun hijirar Gwoza da ke Durumi, Kuchingoro da Wassa tun wajen 2014: wasunsu da ke da sana'a za su amfana, amma warwatsa al'ummar da ke riƙe da juna zuwa ɗakuna ɗai-ɗai a unguwanni goma na iya raba su da abin da ke ciyar da su.

Kada kuma a yi wa tsarin kirarin da bai kai ba. Babban binciken da HUD ta yi kan iyalai 2,282 a yankuna 12, wanda sakamakonsa na shekara uku ya fito a 2016, ya nuna cewa tallafin haya mai ɗorewa ne ya fi hana iyalai komawa gidajen kwana. Na gaggawar bai fi abin da aka saba yi ba wajen sakamako, sai dai ya fi arha. Wato yana fitar da mutum daga titi da wuri, amma ba ya ƙara masa samu, ba ya kuma rage tsadar haya a gari. Shi ya sa adadin makullan da aka raba ba ma'auni ba ne. A ƙirga mutum nawa ke cikin ɗakinsu a wata na 13, da kuma na 25.

Ga masallatai da kwamitocin zakka da ke son shiga wannan aiki, fakirai, miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu duk suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Tunda malamai da yawa sun sharɗanta a mallaka wa mai karɓa zakkar, hanyar da ta fi tsafta ita ce a sanar da shi kuɗin nasa ne, shi kuma ya wakilta kwamiti a rubuce ya biya mai gida. La'adar dillali da alawus ɗin ma'aikaci a fitar da su daga sadaka ko wakafi don a kauce wa saɓani. Kuma tunda yawancin kuɗin a Ramadan yake taruwa, duk hayoyin da aka biya a lokacin tare za su cika. Ramadan na gaba zai riga ranar cikar da kusan kwana 11, don haka daga abin da aka tara a fara cire kason sabuntawa na iyalan bara, abin da ya rage shi za a ɗauki sababbi da shi.